Ina ma'aikatanku suke ajiye fayilolinsu? Yadda na mayar da namu wuri ɗaya ba tare da na roƙi kowa ba

Wata Litinin cikin hunturu, ko jakata ban ajiye ba, Hajiya mai lissafin kuɗin ofishinmu ta aiko a kira ni. Na tarar da ita zaune gaban kwamfuta, allo baƙi wuluk, cikin akwatin kuma wani sauti yana tashi ƙas-ƙas-ƙas, kamar ɓera ya samu buhun gyaɗa. Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san wannan ƙara. Faifan ajiya ne yake sallama.

"Injiniya, takardar albashi tana ciki. Yau ake kai wa banki."

"Hajiya, kin ajiye kwafi a saba?"

"Wace saba kuma? Ni nan nake ajiye komai," ta dangwala yatsa a allon, "a fuska, inda idona zai gan shi."

Saba kam, wato babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin ofis suke ajiye kaya a cikinta ta netwok, muna da ita, tana can ɗakin baya tana huci. Sau uku ina rubuta sanarwa ina liƙawa a bakin ƙofa cewa kowa ya riƙa ajiye aikinsa a can. Ranar sai bayan isha'i muka bar ofis, muna sake buga alƙaluma ɗaya bayan ɗaya daga wani tsohon kwafi da muka tono a imel. A hanyata ta komawa Tudun Wada ina cikin Keke na yi wa kaina hisabi, na ga laifin ba na Hajiya ba ne. Shekara da shekaru hannunta ya saba da wuri guda, ni kuma ina so takardar da na liƙa a ƙofa ta sauya shi. Ruwan sama ba a roƙonsa ya kauce wa ɗaki, magudana ake haƙa masa. Abin da ya kamata shi ne in bar ta ta ci gaba da ajiyewa a inda ta saba, ni kuma in ɗauke wurin kansa in mayar da shi cikin saba. Windows yana da hanyar yin haka, ita zan bayyana a nan, kamar yadda na yi wa kwamfutoci ashirin da uku a ofishinmu da ke kusa da titin Ali Akilu.

Fara da zagaye

Kafin ka taɓa saba, ɗauki littafi ka bi tebur-tebur. Ka duba girman foldojin Desktop (wato fuskar allo), Documents da Downloads na kowa, ka kuma leƙa ko an raba faifan gida biyu, domin masu gyaran kwamfuta a garin nan suna son yanka wani ɓangare su kira shi D, su ce wa mai ita nan ne wurin da ba ya ɓaci. Faifai ɗaya ne, ranar da ya mutu da C da D tare suke tafiya.

Abin da na gani a zagayena ya ba ni dariya da tsoro lokaci guda. Wani yana da fayil mai suna "na ƙarshe", da "na ƙarshe 2", da "na ƙarshe na gaske". Sakatarenmu duk wasiƙun shekara biyu a Downloads suke, don daga WhatsApp yake sauke su ya gyara su a nan. Wani kuma takardun aikinsa ba su kai gigabait ɗaya ba, amma bidiyon bikin ƙanwarsa da karatun tafsiri sun haura sittin. Rubuta alƙaluman nan. Su za su gaya maka girman faifan da kake bukata, da kuma wanda za ka zauna da shi ku yi shara kafin ƙaura.

Kayan aikin ba su da yawa: saba mai Windows Server da Active Directory, wato rajistar asusun ma'aikata da kwamfutoci, kwamfutocin da duk an shigar da su domen, wato ƙarƙashin ikon wannan rajista, da asusun kowane ma'aikaci da sunansa da kalmar sirrinsa. Idan har yanzu mutum biyar suna shiga da asusu ɗaya mai suna "Admin", to tsaya nan, gyara wannan tukuna. Ka kuma duba irin Windows ɗin da ke kan kowace kwamfuta, don Home ba ya shiga domen, sai Pro ko abin da ya fi shi, kuma laftof da yawa da ake sayowa a kasuwa da Home suke zuwa. Saba da na'urar da kebul ɗin ofis suke haɗuwa a cikinta duka biyun su zauna kan UPS ko inbata. Na sha ganin inda aka kare saba aka manta da mahaɗar kebul, ana ɗauke wuta saba tana raye amma ba mai iya kaiwa gare ta.

Tsarin gida

Yadda aka tsara gidan Bahaushe haka na tsara rumbun. Akwai ɗakin mutum, wanda ba mai shiga sai shi. Akwai sashe, inda 'yan lissafi suke da nasu, injiniyoyi nasu, masu kula da ma'aikata nasu. Sai tsakar gida, foldar da kowa zai iya ajiye abu ɗan'uwansa ya ɗauka, wadda nake sharewa duk ƙarshen wata, kuma kowa ya san da haka.

A faifan da ba shi ne Windows ɗin sabar yake kai ba, ka buɗe folda, a ce `D:\Rumbu\Maaikata`, ka raba ta a netwok da suna `Maaikata$`. Alamar dala a ƙarshe tana ɓoye ta daga idon mai leƙe-leƙe, amma labule ce, ba ƙofa ba, wanda ya san sunan zai iya rubutawa ya iso. Da gangan na cire alamar ɗauri daga "Ma'aikata". Windows yana karɓarta, har ƙ da ɗ yana karɓa, amma a tushen rumbu na fi son haruffa marasa ado, saboda wata rana za ka rubuta umarni a baƙin allo kuma wannan 'yar alama za ta ɓata maka awa guda. Sunayen kuma su zama gajeru. Manhajoji da yawa har yau suna tuntuɓe idan cikakkiyar hanyar fayil ta kai haruffa 260, mutanenmu kuwa sun iya sa folda cikin folda cikin folda, kowace da suna mai tsawon jimla.

Kada ka yi amfani da lambar IP a matsayin adireshi. In da hali, kafa DFS Namespace, ta yadda adireshin zai ɗauki sunan domen maimakon sunan saba. Ranar da ka sayi sabuwar saba, wuri ɗaya za ka gyara, ba wanda zai ma san an yi ƙaura.

Izini, inda yawanci ake faɗuwa

Ƙofa biyu ce a jere. Ta farko izinin rabawa a netwok, ta biyu izinin NTFS da ke jikin foldar kanta, kuma idan suka saɓa, wanda ya fi tsauri shi ne yake aiki. Wanda bai gane wannan ba zai yi ta buɗe ɗaya yana mamakin me ya sa mutane suka kasa shiga, ƙarshe ya fusata ya ba kowa cikakken iko a duka biyun. Daga nan yaron da ya zo bautar ƙasa sai ya karanta albashin Oga.

Ga yadda nake yi. Na ƙirƙiri rukuni a Active Directory, na kira shi `Masu-Rumbu`. A ƙofar farko na ba rukunin cikakken iko, na cire Everyone. Duk tsaron a ƙofa ta biyu yake. A nan na fara yanke gadon izini daga foldar sama, na share abin da ba na bukata, na bar huɗu. SYSTEM, wato Windows kansa, cikakken iko ko'ina. Administrators ma haka, a foldar da duk abin da ke ƙarƙashinta. CREATOR OWNER, wato duk wanda ya ƙirƙiri abu, cikakken iko, amma a ƙananan foldoji da fayiloli kawai. Shi kuwa rukunin `Masu-Rumbu` izininsa ƙanƙane ne: ya ga jerin abin da ke ciki, ya karanta siffofin foldar, ya ƙirƙiri sabuwar folda, kuma duk wannan a kan wannan folda kaɗai, inda za ka zaɓi "This folder only". Ma'anarsa, kowa zai iya shigowa zaure ya gina ɗakinsa, da zarar ya gina ya zama mai shi, amma ba shi da makullin ɗakin maƙwabci.

Kada ka buɗe wa mutane foldojinsu da hannunka. Bar Windows ya yi a shigarsu ta farko, shi zai ɗora mallaka daidai. Sannan ka kunna "Access-based enumeration" a kan rabon, domin mutum ya daina ma ganin sunan foldar da ba shi da izininta. Abin da ido bai gani ba, ba a zuwa ofishina a tambayi dalilin da ya sa ya ƙi buɗuwa.

Juya hanyar

Yanzu buɗe Group Policy Management, inda ake kafa dokokin da saba take ɗora wa masu domen, ka ƙirƙiri sabuwar doka, ka rataya ta a sashen da asusun ma'aikata suke, ba inda kwamfutoci suke ba, don wannan doka mutum take bi. A wajen tace waɗanda za ta shafa, cire Authenticated Users ka sa `Masu-Rumbu`. Sai dai akwai wani rami a nan: tun wani gyaran tsaro da Microsoft ya fitar a Yunin 2016, kwamfutar ce take karanto dokar a madadin mutum. Saboda haka ka shiga shafin Delegation ka mayar wa Authenticated Users izinin karantawa kawai. In ka manta, dokar za ta zauna shiru, babu kuskure a allo, babu kuma aiki.

Cikin dokar ka bi User Configuration, Policies, Windows Settings, har Folder Redirection. Danna Documents da maɓallin dama ka shiga Properties. Zaɓi "Basic", wato kowa a kai shi tushe ɗaya, sannan "Create a folder for each user under the root path", ka rubuta adireshin rabon, misali `\\saba\Maaikata$`. Windows da kansa zai ƙara sunan mutum a gaba. Ka maimaita wa Desktop.

Shafi na biyu, Settings, yana da akwatuna da suka cancanci ka zauna ka yi tunani. Na farko shi ne "Grant the user exclusive rights", kuma a cike yake zuwa. In ka bar shi haka, ko kai mai kula da saba ba ka iya buɗe foldar mutum sai ka ƙwace mallakarta, abin da yake dagula izini. Ni ina cire shi, domin ranar da ma'aikaci ya kwanta asibiti kuma ana neman takardar kwangila a foldarsa, dole a samu hanya. Amma fa ka san abin da ka ɗauka. Amana ce. Na gaya wa ma'aikata a taro, baki da baki, cewa zan iya shiga, kuma ba na shiga sai da rubutaccen umarnin shugaban ofis. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ma ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan mutane nauyin tsare su, a foldojin nan kuwa akwai lambobin asusun banki da takardun asibiti.

Akwati na biyu, "Move the contents", shi yake kwashe kayan da ke kan kwamfuta ya kai saba. Bar shi a cike. A ƙasa kuma ana tambayarka me zai faru idan aka cire dokar daga kan mutum. Na zaɓi a mayar masa da foldar kan kwamfutarsa, don in abu ya rikice, fitar da shi daga rukuni kawai ya isa in koma baya.

Me za ka juya, me za ka bari? Documents da Desktop dole. Pictures ya danganta da aikinku. Mu injiniyoyinmu suna ɗaukar hoton gini a wurin aiki, don haka na juya shi. Music, Videos da Downloads na bar su a ƙasa, ba na son sabar ofis ta zama shagon tura finafinai. Sakatarenmu sai da na zauna da shi muka kwashe wasiƙunsa daga Downloads, na kuma nuna masa yadda zai sa burauza ta riƙa tambayarsa inda za ta sauke abu. AppData ban taɓa shi ba, manhajoji suna yawan rubutu a cikinsa, in ka ɗora shi kan netwok komai sai ya yi nauyi. Shi ma tsarin da ake kira Roaming Profiles, wanda yake jan duk kayan mutum zuwa kwamfuta in ya shiga ya mayar in ya fita, na gwada na ajiye. A wurin da wuta take iya tafiya mutum yana tsakiyar fita, wahalarsa ta fi amfaninsa.

Ka kula da masu Outlook. Wasu asusun imel suna ajiye fayil ɗinsu na PST, wanda saƙonnin suke ciki, a cikin Documents, a wata folda mai suna Outlook Files. Microsoft bai yarda a yi aiki da irin wannan fayil ta kan netwok ba, yana iya lalacewa. Fitar da shi zuwa wani wuri a kan kwamfutar kafin ƙaura, ka nema masa hanyar kwafinsa daban.

Kuskurena

Na gama duk wannan ranar Lahadi da dare, na gwada da asusun gwaji wanda babu komai a cikinsa, ya yi aiki cikin ƙiftawar ido. Daɗi ya kwashe ni, na zuba duk ma'aikata cikin rukuni na tafi gida.

Kwashe kayan a lokacin shiga yake faruwa, kuma mutum ba zai ga fuskar kwamfutarsa ba sai an gama. Litinin ƙarfe takwas da rabi mutum ashirin suka buga kalmar sirri kusan lokaci guda. Ɗigogin nan suka yi ta zagaye a allo. Mai bidiyon biki, wanda ashe ya ɓoye rabinsa cikin Documents, ya tare hanya shi kaɗai. Wajen ƙarfe goma Oga ya leƙo ɗakin saba.

"Injiniya, lafiya? Kowa na zaune yana kallon bango."

"Yallaɓai, kaya ake kwashewa, a ɗan ƙara haƙuri."

"Ka ce mana ƙaura za a yi, ai da mun zo da tabarma."

Mutum biyu suka gaji suka danne maɓallin kashewa, ƙaurarsu ta tsaya rabi a saba rabi a ƙasa, sai da na bi fayil-fayil ina gwadawa. Babu abin da ya ɓata, amma na sha kunya.

Don haka kai ka yi uku-uku ko huɗu-huɗu. Fara da kanka, sai wani mai haƙuri, sai sauran. Zaɓi lokacin da ofis ya yi sauƙi kuma ka tabbata akwai mai a janareta. Gwamnatin jihar Kaduna ta mayar da ma'aikatanta aikin kwana huɗu a Disambar 2021, to in ofishinku yana cikin waɗanda ba a cika zuwa ranar Juma'a ba, ka samu ranar ƙaura kyauta. Mu masu zaman kansu ne, bayan an sauko daga masallaci nake yi. Laftof a sa mata kebul, kada a yi ƙaurar farko ta Wi-Fi. Kuma ka gaya wa mutum tun kafin ya zauna: zai daɗe, kada ka kashe.

In mutum ya shiga bai ga canji ba, kada ka firgita. Windows yana gaggawar shigar da mutum kafin netwok ya gama farkawa, don haka wani lokaci sai an fita an sake shiga. Akwai doka a ɓangaren kwamfuta mai suna "Always wait for the network at computer startup and logon", kunna ta yana magance wannan. Don tabbatarwa, danna Documents da maɓallin dama, Properties, shafin Location. In ka ga adireshin saba, an gama. In ba ka gani ba, buga `gpresult /r` ka duba ko dokar ta iso shi, sannan ka leƙa Event Viewer. Kusan kullum izini ne.

In saba ta ɓace fa?

Tambayar farko da Hajiya ta yi min ke nan, kuma tambaya ce mai kyau. Foldojin da aka juya, Windows yana ajiye kwafinsu a kan kwamfutar ta hanyar Offline Files. In kebul ya cire, ko injiniya ya tafi da laftof Zariya ko Kafanchan, zai ci gaba da aiki, in ya dawo kan netwok a daidaita. Abin yana da kyau, amma yana da wutsiya. Aikin da mutum ya yi a waje yana kan laftof ɗin kaɗai har sai ya dawo ya haɗa. Wani namu ya yi sati shida a wurin aiki, laftof ta fara ciwo, ya kai wa mai gyara a can aka goge ta tas. Aikin sati shidan nan saba ba ta taɓa ganinsa ba. Tun daga nan doka ce: ba a kai kwamfutar ofis gyara sai ta biyo ta hannuna, kuma ba na goge kowace sai na buɗe Sync Center na ga babu abin da ya rage.

Foldojin sashe kuwa na kashe musu wannan kwafi gaba ɗaya daga saba. Mutum biyu su gyara fayil guda kowa a ɓoye, su dawo a ce a zaɓi na wa za a bari, rigima ce da ba na so in yi alƙalancinta. Su ta Drive Maps nake ba da su, a ƙarƙashin Preferences, harafin S ga kowa, amma kowane rukuni S ɗinsa yana kai shi sashensa.

Abu ɗaya game da S da ya kamata kowa ya sani: abin da aka goge daga can ba ya zuwa kwandon shara, tafiya yake yi kai tsaye. Maganinsa Shadow Copies. Ka kunna shi a faifan rumbu, saba za ta riƙa ɗaukar hoton halin da fayiloli suke ciki, mutum ya danna dama ya shiga Previous Versions ya dawo da na jiya da kansa. Yana zuwa da ƙarfe bakwai na safe da sha biyun rana a ranakun aiki, kuma hoto 64 yake riƙewa kafin ya fara zubar da tsofaffi. Bakwai na safe ba ta yi mana ba, lokacin sau da yawa batir ya ƙare cikin dare kuma ba a tayar da janareta ba. Na mayar da shi goma, da ɗaya da rabi lokacin da aka fita azahar, da huɗu da rabi.

Ƙayyade wuri da toshe ɓarauniyar hanya

Bayan an gama ƙaura, ba kafin ba, ka girka File Server Resource Manager ka yanka wa kowa kasonsa. Kaso iri biyu ne, mai gargaɗi kawai da mai hana ajiya in an cika. Fara da mai gargaɗi na wata biyu ka ga yadda mutane suke ci. Ni gigabait goma na ba kowa, masu zane na ƙara musu. A nan kuma akwai matatar da take hana ajiye sauti da bidiyo. Na kunna ta a ɗakunan mutane, na buɗe folda guda a sashen injiniyoyi don bidiyon aiki. In wani ya ce kasonsa ya cika alhali ya goge kaya, duba kwandon shararsa, domin foldojin da aka juya suna da nasu kwandon a saba kuma yana cikin lissafi.

Akwai dokokin ɓoye faifan C da hana rubutu a filash. Na ɓoye C, ko da yake mai wayo zai iya zagayawa. Filash kuwa ban hana ba sai bayan wata uku, kuma sashen lissafi kaɗai. In ka rufe duk ƙofofi rana ɗaya, mutane za su koma tura wa kansu takardun ofis ta WhatsApp, ka ga an gudu ba a tsira ba.

Rumbu ɗaya, gobara ɗaya

Yanzu ka tara hatsin gari duka a rumbu guda. Da faifan Hajiya ne kawai zai mutu, yanzu in na saba ya mutu kowa ya shiga uku. Faifai biyu masu kwafin juna, wato RAID, suna kare ka daga mutuwar ɗaya, amma abin da aka goge ko ya lalace nan take yake lalacewa a duka biyun. Shadow Copies kuma a saba ɗin yake zaune. Manhajojin da suke garkuwa da fayiloli su nemi kuɗin fansa, irin WannaCry da ta ratsa duniya a Mayun 2017 ta tsohuwar ƙofar SMB1, sukan nemi hotunan nan su share. Ka kashe SMB1 in yana kunne, ka kuma ajiye kwafi a inda netwok ba ya kaiwa.

Ƙa'idar da aka sani ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wajen ginin. Ni faifan waje biyu nake juyawa, duka a kulle da BitLocker. Ɗaya yana jikin saba yana karɓar kwafin dare, ɗayan yana cikin akwatin ƙarfe a gidan Oga a Unguwar Rimi, duk Alhamis su yi musaya. Ranar Asabar ta farkon wata nakan ɗauki folda guda in dawo da ita daga kwafin zuwa wani wuri, in buɗe fayiloli biyu-uku in ga suna karantuwa. A irin wannan gwaji na taɓa gano cewa kwana goma sha ɗaya kwafin bai gudana ba, mai shara ta ture kebul. A ranar kuma nake hure wa sabar ƙura, don hunturun Kaduna yana cika mata hanci, zafin Maris da Afrilu kuma ya zo ya same ta a toshe.

In ofishinku yana biyan Microsoft 365 kuma intanet ɗinku tsayayye ne, OneDrive yana da irin wannan dabara ta ɗauke Desktop, Documents da Pictures zuwa gajimare, wato ma'ajiyar Microsoft da ke intanet. Zaɓi ɗaya, kada ka ɗora duka biyun a kan folda guda. Mu kuɗin data da yawan yankewar layi suka sa muka tsaya a saba. In kuma kwamfutocinku biyar ne babu domen, shafin Location ɗin nan yana da maɓallin Move, kana iya juya kowace da hannu zuwa ƙaramin akwatin ajiya na netwok.

Wanda ya bar aiki, kashe asusunsa a ranar, kada ka goge shi. Kwashe foldarsa zuwa wurin adana tsofaffin kaya, ka rubuta kwanan wata a jikin sunan, shugaban sashensa ya ɗebi abin da ake bukata.

Da damina ta gaba tsawa ta ƙona wutar sabuwar kwamfutar Hajiya, kuma ranar ma ƙarshen wata ce. Na zaunar da ita a teburin yaron bautar ƙasa, na ce ta shiga da sunanta. Ta buga kalmar sirri tana harararta. Allo ya buɗe, ga fayilolinta sun cika fuska har gefe, "na ƙarshe" da 'yan'uwansa duka.

"Ikon Allah. Injiniya, yaushe ka kwaso min su?"

"Ban kwaso ba, Hajiya. Tun bara suna saba."

Ta ɗan yi shiru tana jujjuya linzami, ta buɗe takardar albashi ta duba layin ƙarshe.

"To ai sai ka gyara min jerinsu, ba haka na tsara su ba. Na albashi a dama yake zama, can sama."